Ku Tambaya A Ba Ku Amsa: Yaushe Baƙo Yake Daina Zama Baƙo?

Wasiƙun da suka fi yawa a akwatinmu a wannan karon sun fito ne daga masu karatu da aiki ko karatu ko aure ya kai su wasu birane na ƙasashen waje. Mun zaɓi guda biyar, mun taƙaita su, kuma mun sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Wata takwas ke nan da na biyo maigidana zuwa wani birni a arewacin Turai, inda ya samu aiki. Ba mu rasa ci ba, ba mu rasa sha ba, amma yakan fita da duhu ya dawo da duhu, ni kuwa in wuni a ɗaki daga ni sai waya. A farkon zuwanmu komai burge ni yake yi, yanzu kuwa ko fita sayayya sai na yi ta jan ƙafa, kuma abu kaɗan sai in ji hawaye. Waɗanda suka riga mu zuwa sun ce da zarar an yi wata shida komai zai wuce, ga shi na haura shidan, abin sai ƙaruwa yake yi. Ina jin nauyin faɗa wa 'yan'uwa, kada a ce na butulce. Shin laifina ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba laifinki ba ne, kuma ba butulci ba ne, domin abin da kike ji an daɗe da saninsa, har masana sun yi rubuce-rubuce a kansa. A shekarar 1954 wani masanin al'adun al'umma mai suna Kalervo Oberg ya gabatar da lacca ga wata ƙungiyar mata a birnin Rio de Janeiro na ƙasar Brazil, wadda daga baya aka buga ta a 1960, inda ya bayyana wannan gigicewa da ke samun wanda ya faɗa cikin baƙuwar al'ada. A ganinsa tushen abin shi ne rasa dubban ƙananan alamomi da mutum ya tashi da su ba tare da ya san yana dogara da su ba: yaushe ake miƙa hannu a gaisa, yaushe ake karɓar gayyata da gaske, yaushe ne magana take wasa, wace irin fuska ce take nufin fushi. A inda kika saba, duk waɗannan ba sa cin miki tunani ko kaɗan. A inda kike yanzu, sayen tikitin jirgin ƙasa ma sai kin yi lissafi, kuma wannan lissafin na kullum shi ne yake gajiyar da mutum har ya ji ba ya son leƙa waje.

Maganar wata shida kuwa, ina jin na san inda ta samo asali, kuma ina so ki daina auna kanki da ita. A 1955 wani masani ɗan ƙasar Norway, Sverre Lysgaard, ya yi hira da 'yan ƙasarsu 200 da suka je Amurka ƙaro ilimi, ya tarar cewa waɗanda suka yi tsakanin wata 6 zuwa 18 sun fi kokawa a kan waɗanda ba su kai haka ba da waɗanda suka wuce haka. Daga nan aka samo siffar nan ta kwari, wato mutum ya fara da ɗoki, ya gangara, sa'annan ya haura. Ki lura cewa ko a wannan lissafin, wata takwas tsakiyar kwarin ne. Sai dai ba kowa ne yake bin wannan tsari ba, domin a 1998 Colleen Ward da abokan aikinta sun bi diddigin ɗalibai 'yan Japan a ƙasar New Zealand, suka ga cewa a wurinsu wahalar ta fi tsanani ne tun a ranakun farko. Abin da na fahimta daga duka biyun shi ne, kalanda ba ta zaunar da kowa a gari. Na ga wanda ya yi shekara goma a birni yana nan baƙo fil, na kuma ga wanda ya saje cikin shekara ɗaya, kuma bambancinsu ba ya wuce abin da kowannensu yake yi da ranakunsa.

Dubi maigidanki. Ba don ya fi ki ƙarfin hali ba ne ya fi ki sakewa, a'a, aiki ne ya tilasta masa ganin fuskoki iri ɗaya a wuri ɗaya kowace rana, har suka san shi ya san su. Ke ba ki da wannan, don haka dole ki ƙirƙira shi da hannunki. Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas ya wallafa wani bincike a 2018, wanda ya haɗa da mutanen da ba su daɗe da ƙaura zuwa sabon gari ba, ya ƙiyasta cewa sai an shafe kimanin awa 50 tare kafin sanayya ta zama 'yar ƙawance, kimanin awa 90 kafin a zama ƙawaye, fiye da awa 200 kafin a kai ga aminci. In kika yi lissafi, macen da take haɗuwa da wata sau ɗaya a wata na awa biyu, sai ta haura shekara biyu kafin ta cika hamsin ɗin farko. Shi ya sa ziyarar jefi-jefi da tarukan biki ba sa kawar da kaɗaici, komai daɗinsu.

Shawarata ita ce ki zaɓi wurare biyu ko uku kacal, ki riƙa zuwa a rana ɗaya da lokaci ɗaya kowane mako, ko kina so ko ba kya so: ajin koyon harshe, ɗakin karatu na unguwa, wurin ibada, ko wata ƙungiyar aikin sa kai. Ki riƙa sayayya a kanti guda har mai kantin ya gane fuskarki. Kada ki raina irin wannan sanin shanu, domin tun a 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna cewa labarin aiki da sauran damammaki sun fi zuwa wa mutum ta bakin waɗanda ya sani sama-sama, saboda su ne suke shiga inda shi da aminansa ba sa shiga. Ki nemi 'yan ƙasarku da ke birnin, za su ɗebe miki kewa su kuma nuna miki hanya, amma ki yi hattara da zaman da ba a komai a cikinsa sai kushe gari da mutanensa. Irin wannan zama yana da daɗi a lokacin da ake yinsa, sai an tashi mutum ya ji garin ya ƙara yi masa ƙunci. Wayar ma ki sa mata lokaci, domin wadda ta wuni tana bin abin da ake ciki a can, jikinta ne kawai yake nan.

Akwai kuma batun duhun da kika ambata a wuce, wanda ni ban ɗauke shi ƙarami ba. A ƙarshen Disamba hasken rana a Landan bai cika awa takwas ba, a Oslo da Stockholm kuwa kusan awa shida ne, kuma tun 1984 likitan ƙwaƙwalwa Norman Rosenthal da abokan aikinsa suka bayyana wani nau'in ciwon damuwa da ke zuwa da gajartar yini. Ki riƙa fita da hantsi ko da rabin awa ne, ko da akwai gajimare. Hukumar lafiya ta Birtaniya tana shawartar jama'a su riƙa shan sinadarin bitamin D a lokacin sanyi, masu duhun fata kuwa duk shekara, saboda haka ki tambayi likita abin da ya dace da ke. In kuma kin ga ƙuncin ya haura mako biyu bai ɗaga ba, barci ya lalace, abinci ya fita ranki, ko tunanin cutar da kanki ya fara zuwa miki, to ki je asibiti ba tare da jinkiri ba, ki nemi tafinta in kina bukata. Maigidanki ma ki zaunar da shi ki faɗa masa yadda kika faɗa mini, don mai yiwuwa ne yana ganin shirunki alamar lafiya ce.

TAMBAYA: Malam, sati uku ke nan da na fara aiki a wata ƙasa. Mai kamfanin ya ce in kawo fasfona ya ajiye mini don kada ya ɓata, mai gidan da nake haya kuma ya ce ba sai na yi rajistar adireshi ba, wai wahala ce kawai. Ba na so in fara da rigima da mutanen da suke taimaka mini. Me zan yi?

AMSA: Ɗan'uwa, a nan ba zan yi maka kwana-kwana ba: kada ka ba kowa fasfonka ajiya. Fasfo mallakar gwamnatin da ta ba ka shi ne, kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta lissafa riƙe wa ma'aikaci takardunsa a cikin alamomin aikin tilas. Ko a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, inda wannan ɗabi'a ta yi ƙaurin suna, dokokin Saudiyya da Qatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun hana mai aiki ya ƙwace fasfon ma'aikacinsa. In kamfani yana bukatarsa don sabunta izinin zama, ka bayar na ɗan lokaci ka karɓi takardar shaida mai kwanan wata da sa hannu. Ba sai ka ɗaga murya ba, ya isa ka ce kana bukatarsa a banki da sauran ofisoshi, wanda kuwa gaskiya ne.

Rajistar adireshi kuwa ba ra'ayin mai gida ba ce, doka ce a ƙasashe da dama. A Jamus wajibi ne mutum ya yi ta cikin mako biyu da shiga gida, tare da takardar tabbaci daga mai gidan, kuma sai an yi ta ake aiko wa mutum da lambarsa ta haraji. A Japan ma kwana 14 ne. Mai gidan da yake hana ka rajista, a mafi yawan lokuta, yana ɓoye wani abu ne nasa, kamar bayar da hayar da ba shi da izinin bayarwa, kuma ran da asiri ya tonu kai ne za a tarar ba ka da adireshi. Ka duba shafin hukumar birnin da kanka, ka daina karɓar doka daga bakin wanda yake da riba a cikin rashin saninka. Ka ɗauki hoton duk takardunka ka adana a wuri biyu, ka rubuta ranar ƙarewar bizarka inda za ka riƙa gani, ka haddace lambar kiran gaggawa, wadda a ƙasashen Tarayyar Turai 112 ce. Ka kuma sani cewa Yarjejeniyar Vienna ta 1963 ta ba baƙon da aka kama haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa in ya nema.

TAMBAYA: Shekarata uku a wani birni da ba Turanci ake yi ba, amma da Turanci muke aiki. Duk sanda na gwada harshensu, sai su juya mini zuwa Turanci. Ban kuma tabbata zan daɗe a nan ba. Shin ya cancanci in ɓata lokacina?

AMSA: Malam, maganar nan taka ta cewa ba ka tabbata za ka daɗe ba ita ce ta fi ɗaukar hankalina, domin na sha jin ta daga bakin mutanen da suka zo da niyyar shekara biyu, yau 'ya'yansu suna jami'a a garin. Mutum ya ƙi sayen kujera mai kyau, ya ƙi koyon harshe, ya ƙi ƙulla abota, wai ai tafiya zai yi, har rabin rayuwarsa ta ƙare a bakin ƙofa da jaka a hannu. Ko da gobe za ka tafi, yau a nan kake kwana.

Turanci zai iya riƙe ka a ofis, amma wasiƙar hukumar haraji, da taron iyayen yara, da sanarwar da aka manna a ƙofar bene, da mai gyaran famfo, duk da harshen gari suke zuwa. Gaskiya ne aikin ba ƙarami ba ne. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta taɓa ƙiyasta wa mai jin Turanci awa 600 zuwa 750 na aji kafin ya iya aiki da Faransanci ko Sifaniyanci, Larabci da Sinanci da Japananci kuwa kusan awa 2200. Amma kai ba jakada za ka zama ba. Ma'aunin harsuna na Turai yana da matakai shida, daga A1 zuwa C2, kuma mataki na uku, wato B1, ya ishi mutum ya yi wa likita bayanin ciwonsa, ya yi jayayya a kan kuɗin wuta, ya fahimci hirar teburin abinci. Shi ne ma matakin da Jamus take nema ga mai son zama ɗan ƙasa. Juyawar da suke yi maka zuwa Turanci, yawanci sauri ne ko son sauƙaƙa maka, ba raini ba. Ka koyi jimla ɗaya da harshensu mai cewa kana koyo ne, a yi haƙuri a ci gaba da shi, sa'annan ka nemi tsofaffi da yara, domin su ne ba sa gaggawa kuma ba sa jin nauyin gyara maka.

TAMBAYA: Sau biyu ina tarar da takarda a ƙofata daga maƙwabta, ɗaya a kan ƙarar injin wanki da dare, ɗaya a kan na zuba shara a mazubin da ba nata ba. Ba wanda ya taɓa yi mini magana baki da baki. Wannan ba wariya ba ce kuwa?

AMSA: Wariya tana nan a duniya, kuma ba zan ce maka ba za ka gamu da ita ba. Sai dai ma'aunin da nake amfani da shi shi ne: shin in ɗan gari ne ya yi abin da ka yi, zai samu takardar? A waɗannan biyun, zai samu. A Jamus da Switzerland akwai sa'o'in shiru da dare da kuma ranar Lahadi, galibi a rubuce cikin dokokin gidan haya, a Japan kuwa kowace irin shara da ranar fitar da ita. A wurare da yawa takarda ita ce hanyar da suke ganin ta fi ladabi, don kada a kunyata mutum a fuskarsa. Hausawa suna cewa in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura. Ka nemi dokokin gidan ka karanta, ka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci ɗaya ka ce kai sabo ne, a nuna maka yadda ake raba sharar. Mutane suna son a tambaye su abin da suka iya. In kuwa an hana ka haya ko aiki saboda launinka ko sunanka, wannan wata magana ce daban, ka rubuta rana da abin da aka faɗa, ka kai ƙara ofishin da ke yaƙi da wariya, wanda kowace ƙasa ta Tarayyar Turai take da irinsa.

TAMBAYA: Malam, bayan shekara shida na kai iyalina hutu gida. Na yi ta ɗokin tafiyar, amma da muka isa sai na ji kamar ni ne baƙo: an yi aure, an yi rasuwa, hira ta wuce ni, har wasu suna cewa na canza. Ɗana mai shekara bakwai kuma ya kasa magana da kakarsa, ina yi masa harshenmu yana ba ni amsa da na makaranta. Na dawo raina a jagule.

AMSA: Ɗan'uwa, wannan ma an san shi. A 1963 John Gullahorn da Jeanne Gullahorn suka nuna cewa mai komawa gida yakan sake faɗawa wani kwarin, kuma sau da yawa na biyun ya fi ba da mamaki, saboda ba wanda yake shirya masa. Kai ka tafi da hoton gida na ranar da ka bar shi, su kuma suna jiran mutumin da suka raka filin jirgi, alhali shekara shida ta yi aikinta a kan kowa. Da aka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, ba zagi ake nufi ba, bayanin yadda abin yake ne. Masu cewa ka canza gaskiya suka faɗa, kuma ba sai ka yi musu a kai ba. Abin da yake rage wannan tazara shi ne yawan tuntuɓa a kan ƙananan abubuwa, ba kiran gaisuwa na minti biyu ba, da kuma rage yawan kwatanta can da nan a gaban mutanen da ba su tambaye ka ba.

Batun yaron ya fi gaggawa. Masana harshe, irin su Joshua Fishman, sun daɗe da lura cewa a gidajen 'yan ƙaura harshen asali yakan ɓace cikin zuriya uku: iyaye suna yinsa, 'ya'ya suna ji amma sun fi sakewa da na gari, jikoki kuwa ba sa ji. Ɗanka yana tsakiyar wannan hanya, kuma tunda har yana fahimta, ƙofar ba ta rufe ba. Kada wani ya tsorata ku da cewa harshe biyu yana rikita yaro ko yana ja masa baya a makaranta, domin bincike bai goyi bayan haka ba. Harshen gari zai same shi a aji da filin wasa ko kun so ko kun ƙi, naku ne ba shi da wani mai tsaya masa sai ku. Kai da mahaifiyarsa ku ci gaba da yi masa harshenku ko da ya amsa da wani, ku maimaita abin da ya faɗa da naku ba tare da tsawa ba, kuma ku hana kowa yi masa dariya in ya karya kalma, domin dariya ɗaya takan rufe bakin yaro na tsawon shekaru. Sa'annan ku sa masa rana guda a mako da zai yi magana da kakarsa ta bidiyo, shi kaɗai, kai ka fita daga ɗakin, saboda muddin kana tsaye a kansa kai zai riƙa juyowa ka fassara masa.